Murɗiyar Tausayi: Tarihin Mai Jefa Ƙuri'a a Bayan Shamaki

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, don haka masu jiran ci gaban littafi ku yi mini uzuri. Wata gardama ce da Turawa suka shafe kusan shekara 50 suna tafkawa, da na bi diddiginta sai na tarar ashe ta girmi haka nesa ba kusa ba, kuma ashe ta shafe mu, musamman mu da muke cin abinci da ƙirƙirar labari.

Ga yadda abin yake. Akwai wani irin wasa da mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur, kowa da takarda da fensir. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, shi ke riƙe da labarin: shi ne gari, shi ne daji, shi ne dodo, shi ne tsohuwar da ake tambaya hanya. Sauran kuwa kowa yana da jarumi guda da ya ƙaga da kansa, ya raɗa masa suna, ya rubuta ƙarfinsa da wayonsa a takarda. Sai jagora ya ce, kun iso bakin kogo, kun ji gurnani daga ciki, me za ku yi? Wannan ya ce zai shiga, wancan ya ce zai laɓe. Duk abin da aka yi niyya, in yana iya yiwuwa yana iya ƙi, to ba baki ne ke yanke hukunci ba, ɗan lido ake jefawa. Nasu ma ba irin namu mai fuska shida kaɗai ba ne, har da mai fuska 20. Mutum sai ya shekara biyu yana wasa da jarumi ɗaya, duk mako, in kuwa jarumin ya mutu a cikin labari, to ya mutu.

To shi jagora a bayan wani kwali yake jefa nasa ɗan lidon, ba mai gani sai shi. Ranar nan ya jefa, lamba ta ce takobin dodo ya sami jarumin, kuma sara ne na ajali. Ya ɗago ya dubi fuskar mai jarumin, sai ya ce, “Ya kuskure ka.” Aka yi shewa, wasa ya ci gaba. Wannan ita ce maganar. Kirki ya yi ko ha'inci?

Kafin mu je ga Turawa bari mu fara daga gida, domin jifa don neman sa'a ba baƙonmu ba ne. Mai karatu ya san kalmar kuɗi jam'in wuri ce, shi ya sa har gobe muke cewa wuri na gugar wuri. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canjin dalar azurfa guda. Wurin nan da ake cefane da shi a Kurmi, da shi ake caca: a watsa, a ƙirga nawa suka kwanta rigingine nawa suka kife. Da shi kuma masu duba suke aiki. Shi kansa lido da muka taso muka gani, jikan wani wasan Indiya ne mai suna Pachisi, wato ashirin da biyar, kuma abin mamaki su ma da wuri suke jefa shi. Ingilishi ne suka ɗauke shi, suka cire wurin suka sa ɗan lido da kofi, suka yi masa rajista da sunan Ludo a 1896, daga nan ya biyo su ya iso mana, da maciji da tsani a bayan allon, wanda shi ma ɗan Indiya ne. Indiyawan kuma su ke da labarin coge mafi shahara a duniya, a cikin dogon labarinsu Mahabharata, inda Shakuni ya zaunar da sarki Yudhishthira ya cinye masa dukiya, ya cinye ƙasa, ya cinye ƙannensa, ya cinye shi kansa, har ta kai ga matarsa Draupadi.

Amma wannan cogen ɗan caca ne, mai murɗewa don aljihunsa. Hukuncinsa a bayyane yake, addini ya hana cacar ma baki ɗaya, kuma tun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a shekarar 2000 hukuma take bin masu yin ta. Ba shi ne abin da ya dame ni ba. Wanda ya dame ni shi ne mai murɗewa don tausayi, wanda ba ya cin ko anini, hasali ma kai yake wa aiki ba ka sani ba.

Irin wannan na san shi a unguwarmu Yakasai, nan cikin birni, ba nisa da gidan Sarki. Unguwa ce da ba a koya mata ma'anar ƙuri'a, tunda ta fitar da 'yan siyasa irin su Alhaji Tanko Yakasai tun zamanin NEPU, kuma ku lura Bahaushe kalma ɗaya ya ba wa ƙuri'ar zaɓe da ƙuri'ar rabo, murɗiya ma haka. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, in an taso daga Islamiyya, ko an ɗauke wuta da daddare an kunna fitilar ƙwai, tabarma muke shimfiɗawa a tsakar gida. Wasa biyu muka fi yi. Ɗaya lido, wanda ake ɓoyewa in an ji gyaran muryar Malam a soro, domin shi yana cikin masu ganin hadisin da ya hana wasan nardu, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, ya haɗa har da lido. Ɗayan kuwa wasan 'yan takardu ne: a yaga takarda gida huɗu, a rubuta sarki, alƙali, ɗan sanda, ɓarawo, a nannaɗe a watsa, kowa ya ɗauka. Wanda ya sami ɗan sanda shi zai dubi idon sauran ya fitar da ɓarawo, in ya kuskure hukunci ya koma kansa. Nan take za ka ga yarinya 'yar shekara takwas ta harɗe ƙafa tana magana da ƙasaita don ta ɗauki sarki. Ka ga ke nan wasan shiga rigar wani, a bar wa ƙuri'a ta raba matsayi, mu ma mun yi shi ba tare da mun san yana da suna a wata ƙasa ba.

Babbar yayarmu ita ce jagora a duka biyun. Ita ke yaga takarda, ita ke nannaɗewa, kuma ita ke jefa wa autanmu ɗan lido saboda hannunsa bai iya girgiza kofi ba sai ya watsar. Wanda ya san lido ya san ba ka fita daga gida sai ka sami siki, kuma siki fuska ɗaya ce cikin shida. In ka yi lissafi, kusan sau ɗaya cikin shida mutum zai yi jifa goma a jere bai gan ta ba. Babba zai daure, yaro ɗan shekara biyar kuwa tun a jifa na shida leɓensa ya fara rawa. To a nan ne Yaya za ta kifa kofin, ta ɗan ɗaga gefensa ta leƙa kamar mai jan rai, ɗan yatsanta ya yi abin da zai yi, ta buɗe ta ce, “Kai, Auta, siki!” Mu manya mun gane, muka yi shiru, don mun san in ya fashe da kuka Umma za ta ce a tattara. Haka a wasan takarda, akwai wata 'yar lanƙwasa da take yi wa ta sarki, ta tura ta gabansa.

An ɗauki shekaru ana haka. Yana wajen shekara tara wata 'yar maƙwabta da aka cinye ta fusata ta tona. Abin da ya ba ni mamaki, bai yi fushi a kan sikin da aka ba shi ba. Shiru ya yi, can sai ya ce, “Yaya, ranar da na cinye ku duka har na kori 'ya'yan Yaya Babba sau uku, ita ma ke ce?” Ranar nan kuwa kowa a gidan ya san ta, don ya yi wata guda yana ba da labarinta har a makarantar allo. Yaya ta rantse masa ba ta taɓa kofin ba ran nan, kuma gaskiya ta faɗa, sa'arsa ce tsagwaronta. Bai yarda ba. Yanzu magidanci ne da 'ya'yansa, amma in zancen ya taso sai ya yi dariya ya ce ai ba shi da tabbas. Jifa biyar ko goma Yaya ta gyara masa a rayuwarsa, amma sun shafa wa ɗaruruwan da ya ci da guminsa kashin kaji.

Yanzu mu tsallaka Turai, inda aka fara rubuta wannan matsala a takarda. A 1824, shekarar da Baturen nan Clapperton ya shigo Kano zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wani matashin hafsan soja a daular Purusiya ta Jamusawa, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa shugaban hafsoshinsu Janar Müffling wani wasan yaƙi da ya gyara daga wanda mahaifinsa ya fara. Taswirar ƙasa ta gaske ake shimfiɗawa, a jera 'yan ƙarafa ja da shuɗi a matsayin runduna. Ɓangarorin biyu ba sa taɓa komai, umarni suke rubutawa su miƙa wa alƙalin wasa. Shi kaɗai ya san inda kowa yake, shi ke motsa rundunonin, kuma ba ya nuna maka sai abin da sojanka zai iya hangowa daga inda yake tsaye. In aka gwabza sai ya jefa ɗan lido, ya duba jadawali, ya faɗi mutum nawa suka faɗi. Janar ɗin ya ga abin ya wuce wasa, ya ba da shawarar a raba shi ga rundunonin ƙasar. Dalilin sa ɗan lido a ciki kuwa mai ƙarfi ne: a fagen fama kana iya yin komai daidai kuma a ci ka, doki ya yi tuntuɓe, manzo ya ɓata hanya. Ana so hafsa ya saba da wannan ɗacin tun a ɗaki.

Da Purusiya ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, ƙasashe suka yi ta kwaikwayon wasan. Sai dai su masu shi sun fara gajiya da shi. Dokoki sun yi yawa, lissafi ya yi tsawo, kuma wani lokaci jadawali yakan fitar da sakamakon da tsohon soja zai ce wannan ba ya faruwa a yaƙi. A 1876 wani hafsa mai suna Verdy du Vernois ya fito da mafita: a ajiye ɗan lido da jadawalin, a samo gogaggen hafsa wanda ya ga yaƙi da idonsa, ya yanke hukunci da saninsa. Wasa ya yi sauri, aka ji daɗi, amma sai wata ɓarakar ta ɓullo, domin yanzu kyan wasa ya rataya ga kyan alƙali, in ya karkata ba abin da zai tsare ka. Abin da nake so mai karatu ya riƙe a nan shi ne, Verdy bai yaudari kowa ba. Bai jefa ya ɓoye ba. Cewa ya yi ba zan jefa ba, ni zan faɗa, kuma duk wanda ya zauna ya san da haka ya zauna.

Daga barikin soja wasan ya gangaro hannun farar hula. A ƙarshen shekarun 1960, a jihar Minnesota ta Amurka, wani David Wesely ya gwada ba kowane ɗan wasa mutum ɗaya maimakon runduna: wannan magajin gari, wancan mai banki, wancan shugaban jami'a, a wani ƙagaggen gari mai suna Braunstein. Cikin waɗanda suka buga akwai Dave Arneson, wanda ya mayar da abin duniyar takubba da dodanni, sannan ya haɗu da Gary Gygax na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. A 1974, muna zamanin Audu Bako a nan Kano, suka fitar da Dungeons & Dragons, 'yan littattafai uku a cikin kwali, kwafi 1,000, dala 10 kowanne. Ba su da wani babban kamfani a bayansu, da kansu suka haɗa kuɗi suka buga, abin da duk marubucin Kano da ya taɓa kai rubutunsa maɗaba'a da kuɗin adashi zai gane.

A nan ne aka haɗa gadon Reisswitz da na Verdy a hannun mutum ɗaya. Jagora yana da ɗan lido, kuma yana da iko. A 1979 kamfaninsu TSR ya fara sayar da kwalin nan na shamaki. Amfaninsa na fili shi ne ɓoye taswira da sirrin labari, amma duk abin da ya ɓoye taswira ai ya ɓoye jifa. A shekarar dai Gygax ya fitar da littafin jagora, a ciki ya ba jagora damar ture hukuncin ɗan lido in ya ga dama. Ya kawo misalin ɗan wasan da ya yi komai bisa hankali amma mugun jifa ya kashe shi, ya ce ana iya mayar da mutuwar suma, ko rasa ido, ko rasa hannu, wanda kuwa wautarsa ta kai shi a bar shi da abin da ya samu. Kada ka ɗauka mutum ne mai sanyin zuciya. Shi ne ya rubuta Tomb of Horrors da ya fito a 1978, kabari mai cike da tarkuna wanda aka gina musamman don ya karya masu taƙama da jarumansu. Mai harbi da mai ɗaurin karaya duk mutum ɗaya.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne abin da ya faru a 1984, da kamfanin ya fito da jerin wasannin Dragonlance tare da littattafan hira da Margaret Weis da Tracy Hickman suka rubuta. Tunda labari ne mai tsawo da aka riga aka tsara ƙarshensa, akwai mutanen da in suka mutu da wuri komai ya rushe. Sai aka sa doka a fili cikin littafin wasan: in ɗan lido ya kashe irin waɗannan, to a yi mutuwar yadda ba za a ga gawa ba. Ya faɗa kogi, gini ya rufta da shi, daga baya ya ɓullo da labarin yadda ya tsira. Da na karanta wannan na ce to ai an zo gidanmu.

Domin wace dabara ce marubutan Kano ba mu yi da rashin gawa ba? Mota ta ƙone ƙurmus, an yi sadakar uku da ta bakwai, matar ta yi takaba ta auri amininsa, sai ga shi a littafi na uku ya yi sallama, ashe wasu Fulani ne suka tsince shi. Masu kallon fim ɗin Indiya ma sun san hanyar. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, Sumayya ta faɗa rijiya kuma ta rayu, kuma ban san mai karatu ɗaya da ya so a ce ba ta rayu ba. Turawa ma haka: Conan Doyle ya gaji da Sherlock Holmes ya jefa shi a magangarar ruwa a 1893, masu karatu suka hana shi sakat, a 1903 ya dawo da shi, kuma abin da ya ba shi ƙofa shi ne ba wanda ya ga gawa. Mu namu matsin ya fi nasa kusa. Littafi kashi-kashi muke fitarwa, na ɗaya ne ke biyan kuɗin buga na biyu. Da wasiƙa ake aiko mana ta adireshin bayan littafi, da wayar hannu ta shigo a 2001 muka koma sa lamba, yanzu kuwa a WhatsApp kafin ka gama sakin babi an fara yi maka shari'a. Wata baiwar Allah ta taɓa kirana da sassafe, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, “Anti, wallahi in kika kashe ta na daina sayen littafinki.” Ɗan kasuwar da ke karɓar kaya shi ma zai ja ka gefe ya ce, Hajiya, littafin da aka ƙare da makoki kwantai yake yi.

Saboda haka da farko sai mutum ya ce ai duk kanwar ja ce, marubuci da jagoran wasa duk masu murɗe ƙaddara ne, wane ne zai ga laifin wani. Ni ban yarda ba, kuma ba don ina kare sana'ata ba. Ni ban jefa komai ba. Wanda ya sayi littafina ya san tun daga bango cewa rai da ajalin kowa a ciki a bakin alƙalamina suke, abin da yake bina bashi shi ne in sa ya manta da haka na ɗan lokaci. In na ceci yarinya ta hanyar da hankali ba zai ɗauka ba, rashin iya aiki ne, a zage ni a kansa, amma ban ci amanar kowa ba. Kakanninmu masu tatsuniya ma haka suke. Tatsuniya ɗaya in ka ji ta a bakin tsofaffi uku za ka sami ƙarshe uku, wanda ya duba tarin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, ko Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ya kwatanta da wadda aka yi masa a gida zai shaida. Kakarmu in ta ga idon ƙaramin cikinmu ya raina fata, nan take cikin Dodo zai fashe yarinya ta fito da ranta, ranar da manya ne kaɗai kuwa sai ta bar ta a ciki. Amma dubi yadda ake rufe tatsuniya: bayan ƙurunƙus sai mai yin ta ta faɗa da bakinta cewa ƙarya ta shirga, ta ɗora wa Gizo laifin. Ta ɗauki Verdy ke nan, ba ta ɗauki shamaki ba.

Jagoran wasa kuwa da ya ɗaga hannu ya jefa, kowa ya ji ƙarar ɗan lido a kan tebur, ya yi magana ko bai buɗe baki ba. Cewa ya yi, wannan ba ni zan yanke ba. Bugun zuciyar da 'yan wasa suke ji a daidai lokacin, daga wannan alkawarin ya fito. In ya sauya lambar, ya karɓi bugun zuciyar bai biya kuɗinsa ba.

Larabawan jahiliyya sun san nauyin wannan alkawari, kuma tarihinsu ya ajiye mana yadda mutum yake yi in ƙuri'a ta ba shi abin da ba ya so. Kibau suke jefawa, waɗanda ake kira azlam. Ana ruwaito cewa mawaƙin nan Imru'ul Ƙais, da zai fita ɗaukar fansar mahaifinsa, ya tsaya wurin gunkin Zul Khalasa ya jefa, sau uku kibiyar hani tana fitowa. Bai ce wa mutanensa ta umarni ce ta fito ba. Kakkarya kiban ya yi, ya watsa wa gunkin a fuska, ya kama hanyarsa. Sai kuma labarin da duk ɗan Islamiyya ya sani daga littattafan sira, na Abdulmuɗɗalibi da ya yi bakancen yanka ɗaya in ya sami 'ya'ya maza goma, ƙuri'a ta faɗa kan Abdullahi, mafi soyuwa gare shi. Shawarar da aka ba shi ita ce a sake jefawa tsakanin yaron da raƙuma goma, duk sanda ta faɗa kan yaron a ƙara goma. Haka aka yi ta yi a gaban jama'a har raƙuma suka kai 100 sannan ta faɗa kansu, kuma bai natsu ba sai da aka maimaita sau uku. Ba ina haɗa wannan babban al'amari da wasan yara ba ne, Allah Ya tsare, hali nake nunawa: an sake jifa, amma a fili, kuma kowane jifa da farashinsa. Musulunci ya zo ya haramta azlam tare da giya da caca a Suratul Ma'ida, amma ya bar ƙuri'a a inda haƙƙoƙi suka yi daidai. Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta da ita za a tafi. Duk macen da ta zauna da abokiyar zama ta san amfanin wannan ba sai an yi mata tafsiri ba. Ana yin ƙuri'a ne don a cire hannun mutum, zuciya ta huta da zargi.

Ba zan ƙi faɗin hujjar ɗaya ɓangaren ba, don ba ta da rauni. Suna cewa mutane sun bar aikinsu sun taru don su ji daɗi, ba don su bauta wa ɗan roba mai lamba ba. Wanda jaruminsa ya mutu a minti goma na farko zai zauna awa uku yana kallon wasu, watakila baƙo ne, daga ranar ba zai dawo ba. Wani lokacin ma jagoran ne ya zabga dodon da ya fi ƙarfin yaran, to don me wani zai biya kuskuren lissafinsa? Littafin jagora na bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, bai ɓoye ba, ya ambaci cewa jifa a bayan shamaki yana ba ka damar gyara sakamako in ka so. Kuma na san da Yaya ba ta yi abin da ta yi ba, da yawancin wasanninmu da kuka za su ƙare. Duk na ji. Inda na tsaya shi ne, duk waɗannan ana iya samunsu ba tare da ɓoyo ba. Da Yaya ta ce, Auta ƙarami ne, shi da biyar ma yana fita, ko shi jifa biyu yake yi, da mun yi gunaguni na minti ɗaya mun haƙura, shi kuma da ranar nasararsa tana nan tasa. Jagoran da ya san ba zai iya karɓar mutuwar jarumi a wannan kogon ba, ya ajiye ɗan lidon ya ba da labari, ko ya gaya wa mutanensa tun ranar farko cewa a teburin nan yakan sa hannu, wanda ya yarda ya zauna.

Masu tsara wasannin ma da yawa nan suka dosa daga baya. Wasu suka ba 'yan wasa wasu 'yan maki ƙidayayyu da za su kashe su sayi damar sake jifa a gaban kowa, in sun ƙare sun ƙare. Wasu suka canza ma'anar faɗuwa, ya zama mugun jifa ba lallai mutuwa ba ne, sai dai a kama ka, ko ka tsira ka rasa dokinka, labari ya ƙara zafi maimakon ya tsaya. Vincent Baker kuwa a wasansa Apocalypse World na 2010 gaba ɗaya ya raba jagora da ɗan lido, 'yan wasa ne kaɗai ke jefawa, a tsakiyar tebur. Akwai kuma masu ra'ayin 'yan mazan jiya da suka koma dokokin 1974, suna jefa komai a fili, wanda ya mutu a miƙa masa sabuwar takarda ya ƙagi wani.

A Yakasai yanzu allon lido na kwali ya yi ƙaranci, ya koma cikin waya, musamman tun zaman kullen korona na 2020. Yara huɗu za ka gani sun haɗa kai a kan waya ɗaya a dakalin ƙofar gida, babu kofi, babu Yaya, babu yatsan da zai shiga tsakani, ƙaramin cikinsu in siki ta ƙi shi sai dai ya yi kukansa ya share. Kwanan baya na wuce wasu a lungunmu, wanda aka cinye ya miƙe yana kakkaɓe wando yana cewa wallahi wayar nan mai ita take so.